Faɗin Ƙofar Mage

Tun da aka kafa dokar cewa ƙofar gida ba ta buɗewa sai ga mai rajistar birni, 'yar ƙofar mage ce kaɗai ba ta tambayar suna.

Tanimu ya je rumfar Malam Sambo neman firam da murfi masu faɗi.

"Girman magen taka fa?" in ji tsohon.

Tanimu ya ware hannuwa daidai kafaɗun mahaifiyarsa, wadda ta iso daga ƙauye shekaranjiya. Ita ba ta da rajistar birni. Ya kasa ɗago kai.

Malam Sambo ya jima yana kallon hannuwan, sannan ya haɗa masa da 'yar katifa.

"Ka shimfiɗa mata a bakin ƙofar, ɗana, saboda gwiwa. Tawa magen ma ta tsufa."