Na Wuce Ore

Ranar da na miƙa wa wani ɗan kasuwar Onitsha makullan tireloli biyar, matata ta dafa miyar onugbu, wato shuwaka, kamar an yi mana haihuwa. Tun da likita ya ce ina da hawan jini, ita ta yanke hukunci.

"Nna anyi, maigidana, mota bakwai, waya uku, kunne biyu. Ko ka rage motoci, ko mu saya maka akwatin gawa."

Na rage. Na bar biyu, waɗanda ko ina gyangyaɗi zan tsara musu lodi.

A da, duk direban da ya hau gadar Asaba sai ya kira ni. In ya kai garin Ore ya sake kira, ni kuma in zage shi don ya san ina raye. Yanzu jini ya sauka, barci ya dawo. Sai in zauna gindin mangwaro ina jujjuya waya, ko ta lalace.

Jiya da hantsi ta yi ƙara. Tsohon direbana ne, wanda ya bi motar da na sayar.

"Oga, na wuce Ore."

"Kai ƙaton banza, ai ba ni ne oganka ba yanzu."

"Na sani. Sabon ba ya son kira, a na'ura yake kallonmu. Na wuce ne na rasa wanda zan faɗa wa."

Na leƙa, madam tana kicin. Na zagaya bayan gida, na rage murya.

"Birkin nan fa, har yanzu yana kuka?"