Rawar Alhamis a Ginin Tsakiya

Duk Alhamis da la'asar akan ture kujerun babban zauren asibitin masu taɓin hankali a yi rawa, kuma duk Alhamis Amos Pruett, ɗaya daga cikin marasa lafiya maza, na tsaye jikin ginshiƙi, bai taɓa ɗaga ƙafa ba. Ƙofar ɓangaren mata kawai yake kallo.

Hester Colby, ma'aikaciyar jinya a ɓangaren matan, ita ta fara lura da shi.

An gina asibitin jihar ne a kan tudu, bayan wani gari a Ohio, kamar tsuntsun da ya buɗe fikafikai: gidan likita a tsakiya, maza a dama, mata a hagu, kowane sashe ya ɗan ja baya don iska da rana su ratsa shi. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, can ƙarshen fiffike ake kai shi. In ya samu sauƙi, a matso da shi sashe ɗaya. 'Yan sashen farko kaɗai ke zuwa rawa. Dangi kuwa daga bakin ƙofa ake mayar da su, don likita ya ce ganin 'yan gida na tayar da ciwo.

Pruett bai yi kama da kowa ba a nan. Yana cin abincinsa, yana barcinsa, hannayensa duk kanta irin ta manomi. Sai ya hango likita tafe yake fara hira da hularsa. Likita na wucewa ya mayar da ita kansa.

"Wannan mutumin naku lafiyarsa ƙalau," in ji Hester ga Tobias, mai jinyar maza.

"Ke dai kin ƙyasa ne, 'yar'uwa. In kai miki shi?"

"Allah ya kiyaye! Me yake tambayarka?"

Tobias ya sosa ƙeya. "Wai mata nawa aka matso da su a wannan watan."

Nan take Lavinia ta faɗo wa Hester a rai. Tun daga ƙarshen fiffike take jinyarta, lokacin da ko cokali ba ta yarda a kai mata baki. Da lallashi, da taje kai, da zaman shiru kusa da taga, suka tako sashe bayan sashe har na farko. Magana dai har yanzu sai ɗai-ɗai. Alhamis mai zuwa ce rawarta ta fari, kuma firgita ɗaya ta isa a mayar da ita inda ta fito.

Hester ta soma bin sawunsa da ido. A lambu ta gan shi ya bar shuka yana ƙirga tagogin mata da yatsa. Ta ga ya tsinki furen bakin rijiya ya ɓoye a aljihu. Wane irin namiji ne zai ari hauka don ya kwana kusa da matan da ba su iya kare kansu?

Ranar Laraba ta sami likita.

"Ranka ya daɗe, in dai lafiyayye ne, mugu ne. In kuma mara lafiya ne, ba na sashen farko ba ne."

Likita ya cire tabarau ya murza ido. "Juma'a da safe a kai shi ƙarshe. Can za mu ga gaskiyarsa."

Alhamis ta zo. Mai goge ya fara, aka buɗe ƙofar mata. Lavinia ta shigo cikin shuɗiyar rigar da Hester ta goge mata, tana kallon ƙasa.

Pruett ya saki ginshiƙin.

Ya ratso tsakiyar masu rawa bai kauce wa kowa ba, hannunsa ɗaya cikin aljihu. Hester ta yi wuf ta sha gabansa.

"Koma wurinka, malam! Tobias, kama shi!"

Tobias ya cafke masa kafaɗa. Mai goge ya tsaya. Pruett bai yi kokawa ba. Idanunsa ne kawai suka cika da ƙwalla.

Sai Hester ta ji an ture ta gefe a hankali. Lavinia ce. Ta matsa har gabansa, ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta kai hannu wuyan rigarsa ta kwance maɓallin da ya karkace, ta mayar da shi daidai.

"Haba Amos," ta ce, da muryar da Hester ba ta taɓa ji ba, "shekara goma sha biyu da aurenmu, har yau ba ka iya ɓalla riga ba?"