Musu a Zauren Makoki

Zauna, 'yar'uwa, ki ji wani misali, ki riƙe shi don ranar da za ki ga maza sun taru suna kwasar magana.

Wani ɗan kasuwa ne mai fataucin atamfa ya hau jirgin sama zai je sari Ikko. Jirgin bai yi nisa da tashi ba ya rikito a bayan gari, ba wanda ya fita da rai. Matarsa ta shiga takaba tun ba ta ga gawa ba. Aka yi shela a rediyo cewa gawarwakin suna asibiti, wuta ta ɓata kamanninsu, ga zafi, ga rashin lantarki, don haka kowa ya hanzarta ya gane nasa, in ba haka ba a haɗa su a kabari ɗaya. Ita kuwa ta san alamar mijinta: ba shi da ƙaramin yatsa a ƙafar hagu, tun yana yaro fartanya ta cire shi. Amma mai takaba ba ta fita, ɗauko gawa kuma aikin maza ne. Sai ta roƙi gwaggon mijin ta leƙa zaure ta faɗa musu.

A zaure kuwa musu ya kaure kan abin da ya kayar da jirgin. Wan mamacin ya ce inji ne, tsohon jirgi aka shafa wa fenti don kwaɗayi. Maƙwabcinsu, wanda shi kaɗai ke da mota a layin, ya ce sam, gangancin matuƙi ne. Wani ya rantse ya ga gabas ta yi baƙi da hadari. Wani dattijo ya ce duk mai tonon dalili da ƙaddara yake jayayya. Matar mamacin tana jiyo su ta katanga, carbi a hannu, ana kai musu kunu ana dawo da ƙwarya wayam. Gwaggo ta sake leƙawa ta ce, "Malam, yarinyar nan fa mijinta take so a kawo a yi masa sutura." Wan ya ce, "To Gwaggo, yanzu za mu tashi." Ba su tashi ba. Maƙwabcin ya tambayi wan me wanda bai taɓa taka matakalar jirgi ba ya sani game da inji, shi kuwa ya yi rantsuwa ba zai shiga motar mai wanke waɗanda suka kashe masa ƙane ba. Aka koma ban haƙuri, rana ta faɗi, gari ya waye. Sa'ad da suka shirya suka isa asibiti, an riga an yi salla an rufe su a kabari ɗaya.

Har yau baiwar Allah ba ta san ko ta wane gefen ramin yake ba, in za ta yi addu'a sai ta haɗa da kowa da ke ciki. Su kuwa ranar sadakar arba'in ma inji da matuƙi suka ɗora daga inda suka tsaya. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce: ana ga yaƙi, kana ga ƙura.