Mai Tukunyar Iska da Ɗan Bututu

Tunda kana tambayar amfanin ƙaramin abu alhali ga babba a hannu, saurara ka ji. Wani jirgin fito ya taɓa kifewa a tafkin wata madatsar ruwa, ya nutse da mutum ɗaya a ciki. Aka kira masu nutso biyu su nemo gawar, dangi kuma suka zauna a gaɓa suna jiran su yi jana'iza. Kowane mai nutso ya goya tukunyar iska a baya, ya sa gilashin fuska. Na farko ya maƙala wani ɗan lanƙwasasshen bututu a gefen gilashinsa, wanda mutum ke shaƙar iskar Allah da shi idan yana iyo a saman ruwa fuskarsa a kife. Na biyu ya jefa nasa cikin jaka, ya ce, "Mai tukunya guda a baya, me zai yi da tsinke?"

Kututturan itatuwa sun hana kwalekwale isa wurin da jirgin ya nutse, dole sai da iyo, kuma da nisa. Na farko ya yi ta numfashi ta bututun, yana duban ƙasa, bai taɓa iskar tukunyarsa ba. Na biyu kuwa tun daga gaɓa yake zuƙar tasa. Suka nutse, suka sami jirgin kwance cikin laka. Sun fara ɗaura wa jirgin igiya ke nan, na biyu ya duba ma'auninsa, ya ga iskarsa ta kusa ƙarewa, ya yi wa ɗan'uwansa alama su hau. Da suka taso, ashe iska ta kaɗa, ruwa ya harzuƙa. Tukunyar na biyu ta zama kaya kawai a bayansa. Duk ɗaga kan da zai yi don ya ja numfashi, sai igiyar ruwa ta mare shi a baki. Ya sha ruwa, ya ƙware, ya kasa iyo. Na farko ne ya kama shi ta baya, ya ja shi har gaɓa, shi na farkon yana numfashinsa ta ɗan bututun.

Ranar ba a fito da gawa ba. Dangi suka naɗe likkafanin da suka zo da shi, suka koma gida. Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.