Basarke a Lungun Teku

Wani Basarke ne, masunci mutumin Yawuri, yawon kamun kifi ya kai shi kudu, wani lungu da teku ta shigo cikin ƙasa. Ko wajen Ikko ne, ko can gaba da Kwatano, sunan ya kwanta mini, amma ruwan gishiri ne. A wancan zamanin manyan kifaye sai da duhu suke shigowa lungun, mutanen wurin kan fita da fitilu a goshin jirage. Shi kuwa tun yana goye yake jin warin kogi, bai ga abin da zai tambayi kowa a kan ruwa ba. Ya ari kwalekwale, ya sa zago, wato mashin kifi, da ƙugiya da fitila, ya bi ruwa ya fita. A ransa lissafin kogi yake yi: wanda ya gangara da ruwa, in zai koma gida sai ya haura shi.

Can wani kifi ya haɗiye ƙugiyar, wanda giwar ruwa ba ta kai rabinsa ba. Ya yi ta jan kwalekwalen yana juyi da shi, fitila ta faɗa ruwa, gajimare ya rufe taurari. Da ƙyar ya samu ya kafa masa zago, ya ɗaure shi a gefe. Sai ya tsoma hannu ya ji inda ruwa ya nufa, ya juya ya fara haura shi. Bai san ruwan teku fita yake yi ya komo ba. Yayin da yake fama da kifin nan ruwan ya riga ya juyo, da ya ajiye filafilin tuƙi ma da ruwan ya kai shi gaɓa. Ya yi ta tuƙi, gaɓa ba ta zo ba, igiyar ruwa sai ƙara tsawo take. Ya sake tsoma hannu, hannun ya ce daidai yake. Ya ɗanɗana ruwan, ya ce ko aljanu ne suka ɗauke gari. Da ruwa ya soma cika kwalekwalen, ya yanke igiya yana hawaye, kifin ya nutse.

Gari ya waye ba ƙasa ko ta ina. Wasu masunta masu dawowa daga nesa suka tsince shi. Tsohon cikinsu, mai 'yar Hausar kasuwa, ya ce, "Aboki, ina zuwa? Makka ta nan ka biyo?"

Ya ce, "Gida za ni, baba. Ina haura ruwa."

Tsohon ya nuna masa da baki cewa gida can baya ya baro shi, ya jefa masa igiya.

Shi ya sa magabata suka ce, matambayi ba ya ɓata.