Tarwaɗar Rijiyar Goggo Tabawa

Tun shekarar da juji ya kere hasumiyar masallaci tsawo, ƙaramar hukuma ta raba wa kowace rijiya a unguwar tarwaɗa guda, don gwada lafiyar ruwa. Wanda tasa ta mutu, za a riƙa kawo masa tankar ruwa. Wanda tasa ke raye, ya ci gaba da shan ruwan rijiyarsa.

Na maƙwabta duk sun mutu, ta Goggo Tabawa kuwa sai ƙiba take yi. Ranar Laraba ta sa ta a bokiti, ta kai ofishin ƙaramar hukuma.

"Ɗan nan, duba mini. Baƙa kuka ba ni, ga ta fara fat. Idanun ma sun shafe."

Ma'aikacin ya leƙa. "Tana motsi, Goggo?"

"Tana yi. Amma awakina sun ƙi ruwan, jikokina kuwa shi suke sha."

"Takardar doka rai ta ce, ba ta ce ido ba. Ruwanki lafiya lau."

Goggo ta rasa ko godiya za ta yi. Ta ciro gorar ruwan da ta ɗuro daga gida, ta miƙa masa. "To, kurɓa in gani."

"Azumi nake," in ji shi, da goro a kumatu.