An Yi Wa Asibiti Kwalliya

Shekara bakwai Yakubu ya yi a Abuja bai leƙo Kafanchan ba. Ya dawo ya tarar keke-napep sun fi mutane yawa, gidan burkutun layinsu ya zama coci, budurwarsa ta dā tana goyon na uku. Sai kuma asibiti: an lulluɓe fuskarsa da farantan alminiyam masu sheƙi, an shimfiɗa bulon intalok a ƙasa tun daga titi, ga furanni, ga fitilu.

A gefensa cikin keke, mahaifiyarsa, Mama Milka, tana jan numfashi kamar ana yanka katako da zarto.

Maigadi ya ɗaga hannu. Ya ce abin hawa ba ya taka intalok, baƙin mai zai ɓata shi. Yakubu ya goya tsohuwar. Mita ɗari da arba'in ne zuwa ƙofar asibitin, ya sani ba tare da ya tambayi kowa ba. Hanyar ma lanƙwasa take ta yi, don ta yi kyau idan an ɗauke ta hoto daga sama.

Ɗakin mata duhu ne da rana tsaka. Farantan sun rufe tagogi shida ruf. Ba wuta, fanka a tsaye, masu jinya na fifita da kwali. Nas ta dubi Mama ta ce mai asma ba ya daɗewa a ɗakin nan.

Ƙanwarsa Tamar ta riƙe ƙugu.

"Broda, kai da ka ga duniya, wane irin mutum ya zana wannan abu? Ko akurkin kaji ana bar masa taga. Fasto ya ce mu yafe, ni kam ban yafe ba."

Wata tsohuwa daga Kagoro ta tsine wa mai zanen, ta haɗa da uwar da ta haife shi. Mama Milka ta tattaro ɗan numfashin da ya rage mata ta ce amin.

Yakubu ya fita. Ya ari tsani da sukundireba wurin wani mai walda. Kusoshin a ɓoye suke ƙarƙashin roba, amma hannunsa bai yi lalube ba. Faranti shida suka sauko, iska ta shiga, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin la'asar Mama ta nemi kunu.

Washegari Tamar ta same shi yana cusa kaya a jaka.

"Haba Broda, jarumin gari guda, tun yanzu?"

Ya ce daga ofis aka kira. Wai wani ɗan iska ya ɓalle faranti shida a aikinsu na Kafanchan, kuma tunda shi ya zana aikin, daga hoton asibitin da aka turo masa a waya, shi zai rubuta takardar ƙorafi.